Sansanin 'yan sikawut na hutun Disamba: a kwana a waje ko a yini a dawo gida?

Shugaban Runduna: Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa shugabanni. Ranar Asabar bayan fareti mun zauna da shugabannin rukunai, yaran da kansu suka tsara abin da suke so a yi daga yanzu zuwa ƙarshen sanyi. Ga shi na kawo gabanku tun da sauran lokaci.

A ƙarshen mako na uku na Oktoba akwai JOTA-JOTI, taron da 'yan sikawut na duniya ke yi kowace shekara ta rediyo da intanet. Wannan ba tafiya a cikinsa, a ɗakin kwamfuta za mu haɗu, yaranmu su gaisa da takwarorinsu na wasu ƙasashe. A Nuwamba akwai tattaki cikin birnin Kano: mu tashi daga marinar Ƙofar Mata, mu biya Gidan Makama, mu ratsa Kurmi, mu ƙare a kan Dala kafin azahar. Kowane rukuni da taswirarsa da kamfas, su za su nemo hanya, mu muna biye. Sai babban, sansanin kwana uku a hutun Disamba, yaran sun roƙi a kai su wajen dam ɗin Tiga. Na ƙarshe 22 ga Fabrairu, ranar haihuwar Baden-Powell wanda ya kafa sikawut, tunda za ta faɗo cikin azumi mun ce a yi gayyar shara da sassafe kawai.

Kowa ya faɗi abin da ke ransa, musamman kan sansanin.

Maman Abdul: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri. Na cikin gari duk ba matsala. Abdul tun jiya yake maganar Tiga, har ya ciro bargonsa.

Baban Khalifa: Malam sannu da ƙoƙari. Tattaki na yarda, kwamfuta na yarda, shara na yarda. Amma kwana a waje, gaskiya ban yarda ba, kuma gara in faɗa yanzu da in yi shiru ranar tafiya in hana yaro. Ni mutumin Katsina ne. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka shiga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara da dare aka kwashe yara fiye da 300. Cikin makaranta fa, mai gini da ɗakunan kwana. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki aka yi na Jangebe, 'yan mata 279. Ga Kuriga a Maris 2024, da safe ma aka yi wannan. To mu da hannunmu za mu tara yara talatin da wani abu a tanti a bakin dam? Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A kai su da safe, su yi duk abin da za su yi, a dawo da su kafin magariba. Me za a rasa?

Maman 'Yan Biyu: Wallahi Alhaji ka riga ni ne. Ni da na ga an rubuta Tiga gabana ya faɗi, ba ma don 'yan bindiga ba, don ruwa. Ba mu manta da Bagwai ba. Ƙarshen Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da 'yan Islamiyya za su Mauludi, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara ƙanana. Nawa biyun ko a kududdufi ba su taɓa iyo ba.

Shugaban Runduna: Alhaji Baban Khalifa, Hajiya, na ji ku, kuma ba wanda zai ce tsoronku ba ya kan hanya. Ni ma uba ne. Amma tunda Alhaji ya tambayi me za a rasa, bari in amsa wannan da kyau, don a nan maganar take.

Fita ta yini ɗaya, mu manya ne muke yin komai. Mu muka ɗauko mota, mu muka zo da abinci a kula, yaro ya ci ya sha ya yi hoto ya koma gida. Ya ji daɗi, amma bai ɗauki nauyin komai ba. A sansani kuwa rukuni na yara shida zuwa takwas, da shugabansu ɗan shekara goma sha huɗu, su za su kafa tantinsu, su ɗebo ruwansu, su hura wuta, su dafa abincinsu, su wanke tukunya, su raba aikin gadi. In suka yi sakaci da ƙullin igiya, iskar hunturu ta kwantar musu da tanti da tsakar dare, su za su tashi su gyara. In mai dafa shinkafa ya tafi wasa ta ƙone, ita za su ci, gobe ba sai an ce masa ya tsaya a kan tukunya ba. Na ga yaron da a gida ko kwanon da ya ci abinci ba ya ɗagawa, a rana ta biyu shi ne yake bin ƙananan rukuninsa yana duba ko kowa ya shafa mai a ƙafa saboda kaushi. Ba ni na sa shi ba. Dare ne ya sa shi, da ya ji ƙaramin cikinsu yana kukan sanyi ya ga ba uwa ba uba a kusa sai shi.

Sikawut ɗin ma da kwana a waje ta fara. A Agusta 1907 Baden-Powell ya kai yara kamar ashirin tsibirin Brownsea a Ingila, ya raba su rukuni huɗu, ya ba kowane rukuni shugaba daga cikinsu. Littafinsa ya fito ne bayan nan, a 1908. In muka cire kwana, abin da zai rage mana fareti ne da kaki da ƙyallen wuya.

Amma ban ce dole Tiga ba. Wurin kwana abin tattaunawa ne. Kwanan nake karewa.

Baban Khalifa: Malam, Ingila ta 1907 daban, arewacin Nijeriya na yau daban. Shi ba ya tunanin mutane a kan babura da daddare.

Baba Tsohon Sikawut: 'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Sikawut ta shigo ƙasar nan tun 1915, ba jiya ba ce, kuma kowane zamani da irin tsoronsa. A 1977 a Jos, wajen duwatsun Shere, aka yi babban taron 'yan sikawut na Afirka na farko. Yara daga ƙasashe suka kwana a fili, iyaye suna alfahari. A lokacinmu malami ɗaya zai ɗauki yara a bayan a-kori-kura a tafi daji, ba wanda zai yi ko tari. Wannan zamanin ya wuce, Alhaji yana da gaskiya, duk wanda ya ce a yi yadda muka yi bai san halin da ake ciki ba.

Amma shi ma Malam yana da gaskiya. Abin da na iya na kula da kaina, a sansani na koye shi, ba a aji ba. Har yau in na ɗaure akuya da ƙullin da ba ya shaƙe wuya, a can na samo. Shawarata ita ce ku raba abu biyun da kuka haɗa. Kwana daban, Tiga daban. Ku nemi makaranta mai katanga da mai gadi a cikin gari ko bakin gari, tunda hutu ne ba ɗalibai, ku kafa tantuna a filin ƙwallo. Sanyin da ke Tiga shi ne a filin ƙwallon. Shinkafar da za ta ƙone a can za ta ƙone a nan. Sai a ware yini ɗaya a je Tiga da rana tsaka a dawo.

Maman Abdul: Baba Allah ya ƙara lafiya. Wannan ita ce magana.

Mataimakin Shugaba: Baba Allah ya ja kwana. Ni dai in za a ji ta bakin yaran, za su ɗan ji ba daɗi, don abin da suke ɗoki shi ne su ga taurari ba fitilar gari, su ji kukan tsuntsaye da asuba. Amma in zaɓi ya zama filin makaranta ko a fasa, na san abin da za su ɗauka. Kuma akwai abin da za mu iya yi don kada ya zama kamar kwanan aji: ba wanda zai shiga ɗaki, ba wutar lantarki, ba famfo a kusa da tanti. Ruwa a jarka za su ɗauko daga nesa kamar yadda za su yi a daji. Murhun duwatsu uku, itace, ashana. Kowane rukuni ya haɗa wurin ajiye kwanuka da sanduna da igiya, ba ƙusa ko ɗaya.

Baban Khalifa: Katanga ba ta hana a Ƙanƙara ba.

Shugaban Runduna: Haka ne Alhaji, katanga kaɗai ba ta isa ba. Abin da ya bambanta shi ne inda wurin yake. Makarantun da aka shiga suna kusa da daji ne, inda za a kora yara a ƙafa a ɓace da su kafin taimako ya iso. Wurin da Baba yake nufi yana tsakiyar unguwa, gidaje sun kewaye shi, ofishin 'yan sanda yana kusa. Yaranmu ai a cikin garin nan suke kwana kullum. Ga abin da zan ɗauka a wuyana, ku riƙe ni da shi:

Zan kai takarda ga DPO na yankin da mai unguwa da hannuna, ba aike ba, kuma mu nemi 'yan sintirin unguwar su san da mu. Ba za a sa rana ko sunan wurin a Facebook ko a sitatus ba, hoto ko ɗaya ba zai fita ba sai yara sun koma gida. Wannan har da ku iyaye, don Allah. Manya za su yi gadi bi da bi har asuba, ban da na yaran da suke yi don koyo. Mota ɗaya za ta kwana a wurin da mai a tanki. Kuma ko ana gobe tafiya, in jami'an tsaro suka ce a dakata, an dakata, ba gardama.

Baban Khalifa: In haka ne, ina da sharaɗi ɗaya. Ni ma zan kwana a wurin.

Shugaban Runduna: Maraba da kai Alhaji, dama muna neman iyaye maza uku ko huɗu. Sai dai ni ma da nawa sharaɗin: tantin iyaye yana gefe, kusa da ƙofa. Ba za ka ɗaura wa Khalifa igiya ba, ba za ka kawo masa tsire da daddare ba, in ka ga tuwonsu ya yi gudaji ka kau da kai. In ba haka ba mun koma fitar yini ɗaya ke nan.

Baban Khalifa: Na ɗauka. A sa ni gadin ƙarfe biyu zuwa huɗu, dama lokacin nake tashi.

Maman Ilham (ma'aikaciyar jinya): Sannunku. Tunda an daidaita kan wurin kwana, bari in shigo da nawa ɓangaren, don abin da ya fi kwantar da yara a irin wannan fita ba ɗan bindiga ba ne, ruwan sha ne da bayan gida da sanyi.

Ku tuna abin da ya faru a babban taron duniya na 2023 a Koriya ta Kudu. Mutum fiye da 40,000, ƙasa mai kuɗi, amma zafi da ƙarancin inuwa da ƙazantar banɗakuna suka kwantar da ɗaruruwan yara, 'yan Birtaniya da na Amurka suka kwashe nasu tun kafin guguwa ta sa a tashi kowa. In can abin ya gagara saboda an raina ƙananan abubuwa, mu ma kada mu raina.

Ruwan sha a tafasa ko a sa masa maganin tsarkake ruwa, a rufe shi, moɗa ɗaya ta ɗiba, kowa da kofinsa. Sabulu da buta a ƙofar banɗaki da kusa da murhu. A akwatin agaji a sa fakitin ORS, haɗin gishiri da sukari da ake ba mai gudawa, da yawa. In ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ina so kowane shugaban rukuni ya iya haɗa wannan da kansa kafin a tafi.

Sanyi kuma, wannan ku ji da kyau: kada a kuskura a shigar da kaskon garwashi cikin tanti a rufe. Iska mai guba da garwashi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci zai wuce. Yaro in sanyi ya dame shi zai yi tunanin dabara ce. A gaya musu tun a gida, a sake gaya musu a can. Bargo, rigar sanyi, hula, safa, tabarma biyu a ƙasa ko a shimfiɗa kwali, don sanyin ƙasa ya fi na sama cutarwa. Man kaɗanya ko basilin don leɓe da ƙafa. Gidan sauro ko da ana ganin sanyi ya kore shi.

Masu asma, ƙurar hunturu tana tayar musu, iyaye su rubuta a takarda su haɗo da abin shaƙarsu. Masu sikila ma haka, sanyi da ƙishirwa su ne abokan gabarsu. Ba cewa nake a bar su a gida ba, cewa nake a sanar da mu. Kada kunya ta sa a ɓoye. Har da mai fitsarin kwance, a gaya wa Malam a asirce, akwai yadda ake yi ba tare da kowa ya sani ba.

Maman 'Yan Biyu: Anti nas, to batun Tiga fa? Ni har yanzu ruwan nan ne a raina.

Maman Ilham (ma'aikaciyar jinya): Ni ra'ayina ko ƙafa kada su tsoma. Ban da nutsewa, akwai tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan katantanwa na ruwan da ba ya gudu sosai, tana shiga ta fata, ba sai an sha ba. Bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Tana da magani, amma me ya kai mu? Su tsaya daga sama su kalla.

Sai maciji da kunama. Kowa ya zazzage takalminsa da safe kafin ya sa, ba mai tura hannu ƙarƙashin dutse ko cikin tarin itace, ba mai fita da dare ba tocila ba takalmi. In Allah ya kawo tsautsayi maciji ya sari yaro, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a cire abin da zai matse in ta kumbura, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Kububuwa tana hana jini daskarewa, tsaga wurin ƙara ɓarna ne.

Shugaban Runduna: Hajiya Maman 'Yan Biyu, na yi miki alkawari a gaban kowa: ba jirgin ruwa, ba kwale-kwale, ba wanka, ba kamun kifi. Abin da zai kai mu Tiga shi ne su ga aikin da aka yi. An kammala dam ɗin a 1974 zamanin Audu Baƙo, a kan kogin Kano, kuma ruwansa ne yake bin magudanai har Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman shinkafa da tumatir da alkama. Yaro yana cin shinkafar Kura bai san daga ina ruwanta yake ba. A hanyar dawowa za mu tsaya a gonar rani su ga yadda ake buɗe ruwa a kai shi fangali-fangali, su tambayi manoma da bakinsu. Mu tashi bayan gari ya waye sarai, mu juyo bayan azahar, la'asar a sansani za mu yi ta. Dajin Falgore ba ma ya cikin lissafi, ba za mu wuce Tiga ba.

Maman 'Yan Biyu: To Alhamdu lillahi. Saura kuɗi Malam. Ni biyu gare ni, komai sau biyu nake biya. Kada a zo a ce sai sabon kaki da takalmi.

Mataimakin Shugaba: Hajiya ba sabon komai. Ƙyallen wuya shi ne dole, sauran duk abin da yaro yake da shi. Tantuna muna da huɗu, biyu suna buƙatar ɗinki, sauran za mu haɗa da tamfol da gora, wannan ma darasi ne. Abinci kuma yaran sun ce maimakon kuɗi kowa ya kawo daga gida: wani kwanon shinkafa, wani wake, wani gari, wani manja, wani kuka da daddawa. Sun ma rubuta abin da za su dafa. Safe koko ko shayi da burodi, rana garau-garau, dare taliya da manja da yaji, rana ta biyu rukuni ɗaya ya ce zai gwada ɗanwake, wani ya ce tuwo miyar kuka. Kuɗin da za a tara na motar Tiga ne da itace da kayan akwatin agaji. In mun samo farashin mota zan kawo lissafin nan ƙungiya, kowa ya ga inda kowace naira za ta.

Baba Tsohon Sikawut: Ku rubuta buhun gawayi da itace a kaina. Kuma duk yaron da iyayensa ba su da hali, Malam ya gaya mini ni kaɗai, kada a kira sunansa a nan.

Baban Huzaifa: Assalamu alaikum. Na bi maganar tun daga sama. Ina da abu biyu. Na farko salla: a tsara komai a kan lokutanta, ba a matse ta a tsakanin wasanni ba. Asuba cikin sanyin Disamba ba wasa ba ce, a ɗora ruwan alwala a wuta tun kafin a tashe su. Kuma a bar yaran su yi kiran salla su yi limanci a tsakaninsu, akwai masu izu da yawa a cikinsu.

Na biyu, abin da ya daɗe yana damuna. Huzaifa ya dawo gida ya miƙa wa kawunsa hannun hagu, wai gaisuwar sikawut ce. Kawun ya ji haushi ƙwarai. Mu a tarbiyyarmu da addininmu dama ake gabatarwa, Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son farawa da dama a al'amuransa. Yaya za a yi da wannan?

Shugaban Runduna: Malam Baban Huzaifa, batun salla yadda ka faɗa haka za a yi, kuma muna roƙonka ka zo daren farko bayan isha ka yi musu 'yar nasiha a bakin wuta. Yaranmu Kirista guda uku su ma za a ba su lokacin addu'arsu, in ya kama Lahadi a kai su coci a dawo da su. Alkawarin sikawut da bautar Allah ya fara, sannan ƙasa da taimakon mutane, sannan bin doka, shi ne ma'anar yatsu ukun da suke ɗagawa.

Musafaha da hagu al'ada ce ta 'yan sikawut a duniya. Ana ba da labarin cewa Baden-Powell ya gan ta ne wajen Ashanti a ƙasar Gana ta yau, wai jarumi yakan ajiye garkuwarsa da ke hagu ya miƙa hannun don nuna ya amince da kai. Ko ma daga ina ta fito, tsakanin ɗan sikawut da ɗan sikawut ce, ba ta kawu ba ce. A rundunarmu ba ma tilasta ta, sara da yatsu uku ya wadatar. Ranar Asabar zan tara su in faɗa musu a fili: babba, malami, baƙo, duk da dama, a rusuna kamar yadda aka koya musu a gida. Ka ba kawun nasa haƙuri a madadinmu.

Baban Huzaifa: Madalla. Allah ya yi albarka. Zan zo in sha Allahu.

Maman Ilham (ma'aikaciyar jinya): Malam, yanzu kuma a matsayin uwa nake magana. Tun ɗazu ana cewa yara yara, amma duk maza ake nufi. Ilham da ƙawayenta suna zuwa fareti duk Asabar, ƙulle-ƙullen nan sun fi wasu mazan iyawa, agajin gaggawa kuwa ba a magana. In sansani shi ne zuciyar abin kamar yadda ka ce, su an cire musu zuciyar ke nan? Su ma suna buƙatar su san za su iya tsayawa da ƙafarsu.

Baban Huzaifa: Hajiya, kwana wuri ɗaya maza da mata dai ba zai yiwu ba.

Maman Ilham (ma'aikaciyar jinya): Ban nemi haka ba Malam, ni ma ba zan yarda ba. Nasu daban nake nema, a makarantar mata mai katanga, shugabanni mata, iyaye mata. Maza masu gadi su tsaya a ƙofa daga waje.

Maman Abdul: In za a yi, ni zan kwana da su. Ƙanwar Abdul ta isa shiga bana.

Maman 'Yan Biyu: Ni ba ni da mace a ciki amma a sa ni. Sai dai a yi musu dare ɗaya tukuna, a ga yadda iyaye za su karɓa. Akwai gidajen da ko yinin ma sai an je an roƙa.

Shugaban Runduna: Wannan magana ta yi, kuma ba ni zan tsara ta ba, shugabar ɓangaren mata ce da ku. Abin da ya hana a baya rashin manya mata da za su kwana ne, ga shi yanzu an samu uku. Tattakin Nuwamba da tafiyar Tiga kuwa da su za a yi, motarsu daban.

Tunda an zo nan, bari in faɗi wata doka da ta shafi sansanin maza da na mata duka, don iyaye su sani su kuma tambayi 'ya'yansu in sun dawo. Babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, ko ni ne. In za a yi wa yaro magana, a inda ake hango su. In za a kai shi asibiti, manya biyu. Babba ba ya kwana a tantin yara, wurin wankan manya daban. Ba duka, ba tsallen kwaɗo a matsayin horo, kuma manyan yara ba su da izinin taɓa ƙanana. Ku gaya wa 'ya'yanku duk abin da ya sa su jin ba daɗi su faɗa, ba za a yi fushi da su ba.

Baban Khalifa: Wannan ta fi komai kwantar mini da hankali a duk abin da aka faɗa yau. Waya fa? Khalifa zai zo da tasa?

Mataimakin Shugaba: A'a Alhaji, yara ba waya. In akwai waya a tanti ba mai kallon ɗan'uwansa, kuma ta nan hoto da wurin da muke za su fita. Wayoyi suna hannun manya. Safe bayan karin kumallo da dare bayan isha za mu turo saƙo nan cewa kowa lafiya. Uwar da hankalinta ya tashi ta kira Malam ko ni a kowane lokaci. Abin da yaro zai riƙe usur ne da tocila, busa uku a jere alamar neman taimako ce, duk sun sani.

Maman Abdul: Malam ranar ƙarshe a bar mu mu zo mu ga abin da suka yi mana. Ina so in ci tuwon da Abdul ya tuƙa.

Shugaban Runduna: An yi Hajiya. Ranar rufewa da hantsi iyaye su zo, rukunai za su nuna ƙulli da ɗaukar majinyaci a kan gadon da suka haɗa da sanduna da riguna, a ba waɗanda suka ci jarrabawa lambobin yabonsu, sannan su ciyar da ku.

Ga inda aka tsaya. Kwana biyu a filin makaranta cikin gari, yini ɗaya a Tiga ba shiga ruwa, na mata dare ɗaya a wani makon. Gobe ni da Baba za mu je mu duba makarantu biyu da muke tunani, mu ga katanga da banɗaki da nisan asibiti. Sunan wurin ba za a rubuta a nan ba, yana cikin takardar izini da za a ba kowane yaro ranar Asabar. A cike ta, a rubuta ciwon da yaro yake da shi da maganin da yake sha, uba ko uwa su sa hannu, a dawo da ita kafin tattakin Nuwamba. Anti nas, ko za ki samu zuwa Asabar ɗin ki fara da shugabannin rukunai?

Maman Ilham (ma'aikaciyar jinya): Ina aikin safe, amma zan iso da la'asar. Kowane rukuni ya zo da gorar ruwa ta lita ɗaya da ƙaramin cokali, sukari da gishiri ni zan kawo.